Mutum Uku a Gefen Dama

A Karantina, tsohuwar unguwarmu a Jidda, idan mutum ya kwanta ciwo ba ya samun kaɗaici ko da ya nema. Ƙofar gida ba ta rufuwa. Mai sayar da dafaffen waken ful na bakin lungu zai leƙo, matan maƙwabta su shigo da kunu, tsofaffi su baje a tabarma suna ba da labarin waɗanda suka yi irin ciwon suka tashi. Yanzu an rushe unguwar, kowa ya kama gabansa. Ƙanena ya samu gida a unguwar Safa, a bene, inda maƙwabcinka zai shekara bai san kana kwance ba. Masu dubiya a waya suke zuwa, su gaisa, su yi addu'a, su kashe. Sauran yinin daga mara lafiya sai talabijin.

A wannan gidan shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo da wuri, baki ma ya miƙe. Hannun hagu ne ya ƙi. Shi kuwa direban babbar mota ne, tun yana saurayi yake ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa rumbunan ajiya. A irin motar, duk lokacin da hannun dama ya tafi kan giya, hagu ne kaɗai ke riƙe da sitiyari. Kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa a takardun zaman ƙasar, wanda suka daɗe tare, ya zo har gida ya ce zai ajiye masa motarsa zuwa bayan aikin hajji, wani ya riƙa ja kafin nan. In hannu ya dawo, ga makulli. In bai dawo ba, a san yadda za a yi. Babu wanda ya sake taɓa rabin zancen na biyu.

Ni ne babba. Na yi shekaru a jiragen dakon kaya ina tafinta tsakanin ma'aikatan jirgi da mutanen tasha, kuma na shiga asibitocin ƙasashe da dama, wani lokaci a kwance, wani lokaci ina rakiya. A Faransa likita zai dube ka ido cikin ido ya faɗa maka abin da ke akwai. A Japan na ga an ja iyalin mutum gefe an gaya musu, shi an bar shi. Mu ba ma gaya wa kowa. Mai ciwo ya ce da sauƙi, mai dubiya ya ce ai ka ma warke, a yi sallama kowa ya tafi da abin da idonsa ya gani. Na sha yi wa abokan aiki bayanin cewa wannan ladabi ne da tausayi, kuma har yanzu ina ganin akwai ladabin a ciki.

Ni nake raka shi wurin mai gasa masa hannu, wani ɗan Filifin da Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba. Ranar farko ya kama babban yatsan ƙanena ya juya shi nan da can, sannan ya yi mini dogon bayani da Turanci. Ya ce yatsan yana iya lanƙwasowa ciki, wajen tafin hannu, amma ba ya iya buɗewa waje, haka ma sauran yatsun. Ya ce buɗewar nan ita ce aikin. Watannin farko su ne masu albarka, in aka bari suka wuce hannun yana iya sandarewa a haka.

"Me ya ce, Yaya?"

"Ya ce ka dage, akwai alamar ci gaba."

"Duk wannan surutun, abin da ya ce ke nan?"

"Turanci ne, haka yake da tsawo."

'Yarsa ce ta kawo na'urar wasan kwamfuta, irin wadda ake haɗawa da talabijin. A kantin magani take aiki, haifaffiyar Jidda ce kamar mu, sai dai Hausarta tana tafiya ne da sandar Larabci. Ta ji an ce duk abin da zai sa yatsu su motsa ba tare da gundura ba yana taimakawa, ta je kasuwar tsofaffin kaya ta sayo na'urar da faifai a leda. Muka fara da ƙwallon ƙafa. Kafin ya juya ɗan wasansa an zura masa, ya yi tsaki ya ce wannan na yara ne masu yatsun ɓarayi. A ƙasan ledar akwai faifan da mai kaya ya ba ta gyara don ba mai sayensa. Besbol ne.

Na san wasan. Na kalle shi a Japan cikin 'yan kallo masu waƙa kamar 'yan makaranta, na kuma ga 'yan dako a Venezuela suna yinsa a bayan rumbu da sandar tsintsiya da murfin kwalba. Na ce masa wannan ne namu, don wasa ne na tsofaffi: a jefo, a tsaya, a yi tunani, a sake jefowa. Mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, kai kana tsaye da kulki ka buge ta cikin fili, ka ruga zuwa matsaya ta farko kafin masu tsaron fili su kama ta su jefa can. Huɗu daga cikin masu tsaron suna tsayawa kusa, biyu a dama, biyu a hagu. A rimot ɗin, yatsan dama ke danna maɓallin bugu. Babban yatsan hagu kuma yana kan wani ɗan sanda, inda ka karkata shi can ƙwallon ke nufa.

Ya kama wasan da sauri, don direba ya san lokaci. Kullum bayan la'asar nakan hau benen, matarsa ta kawo shayi da na'ana'a, mu zauna shi yana bugu ni ina surutu. Duk ƙwallon da ya buga dama take tafiya, saboda can ne kawai yatsan ke iya zuwa, amma da farko hakan bai dame shi ba, tana samun rata tsakanin mutum biyun ta wuce.

Wata rana ya tsaya zai buga, sai na ga 'yan kwamfuta sun motsa. Ɗaya daga cikin na hagu ya taka a hankali, ya tsallake tsakiyar fili, ya je ya tsaya a dama. Suka zama uku a can, ɗaya tal a hagu.

"Yaya, ina wancan za shi?"

"Wurinka za shi. Sun gane ka."

"Sun gane ni yaya? Ni da ko gaisawa ba mu taɓa yi ba."

Na ce na'urar tana lura da inda kowane mai bugu ke kai ƙwallo. In ta ga kullum gefe ɗaya kake kaiwa, sai ta tara maka mutane a can. A wasan gaske ma ana yi, har na ji an yi ta gardama a kansa a ƙasar masu shi.

"Wato 'yan sandan hanya ne," in ji shi. "Sun gano titin da muke zillewa, sun je sun kafa shinge."

Ya buga, ƙwallon ta faɗa hannun na ukun kamar an aike ta. Ya sake, haka. Na nuna masa gefen hagu a talabijin, fili fetal kamar harabar tasha ranar Juma'a. Na ce ko a hankali ya gangara ta can ya tsira, abin da ake so kawai ya buɗe yatsan ya tura sandan hagu. Ina faɗa ina jin muryar ɗan Filifin a kunnena, don motsin da ya ce shi ne aikin, shi na'urar ke nema a wurinsa.

Ya gwada. Ban taɓa ganin mutum ya yi gumi a kan yatsa ɗaya haka ba. Yatsan ya yi ta rawa a kan sandan, kafaɗarsa ta ɗaga, bakinsa ya karkace kamar ciwon zai dawo. Kwanaki ana haka. Sau ɗaya, ban manta ba, yatsan ya buɗe rabi, ƙwallon ta gangara hagu kamar ba ta so, ɗan wasansa ya isa matsaya. Muka yi ihu har matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Bayan kwana biyu ya sake yi. Amma tsakanin wannan da wancan, sai a kama shi sau ba adadi, kuma duk lokacin da ya tsaya sai ya kalli mutumin nan yana tsallakawa dama, a hankali, ba ya ko sauri.

Ranar da abin ya kai masa wuya, da safe wani tsohon maƙwabcinmu ya bugo dubiya, cikin hira ya ce ya ga motarsa a hanyar tasha, wanda ke janta ya ma rataya nasa carbin a madubi. Da yamma muka zauna wasa. Aka kama shi, aka sake kama shi. Ya ajiye rimot ɗin a kan cinyarsa.

"Kowa ya zo sai ya ce min da sauƙi. Kai ma haka kake cewa. Akwatin nan ne kaɗai ba ya jin kunyata. Dubi yadda suka bar min gefe guda, sun san ba zan iya zuwa ba."

"Haba, Direba. Shekaranjiya fa ka kai ta can."

"Sau nawa, Yaya?"

Ya juya fuskarsa wajen bango. Rabon da in ga hawayensa tun rasuwar mahaifiyarmu. Aka kira magariba, ya tashi ya shiga banɗaki yin alwala, wadda a lokacin take ɗaukarsa lokaci mai tsawo.

Rimot ɗin yana kan kujera. Na ɗauka, na shiga wurin da ake saita wasan, duk da Turanci aka rubuta. Ban sha wahalar nema ba. Layi ɗaya ne, a bar kwamfuta ta riƙa matsar da masu tsaronta, ko a hana ta. Ina jin zubar ruwa a banɗaki na hana ta, na fita, na mayar da rimot ɗin yadda ya bar shi.

Washegari ya ce ba zai yi ba, na lallaɓa shi. Ya tsaya zai buga, ya jira mutumin ya tsallaka. Mutumin bai motsa ba. Ya buga dama kamar kullum, ƙwallon ta ratsa tsakanin biyun ta wuce. Na biyu ma haka, na uku har ta kai bango.

"Yaya! Sun koma gidajensu! Me ya faru?"

Da na ce ban sani ba, da ya fi sauƙi. Cewa na yi, "Sun ga hannun ya dawo, sun daina raina ka."

Ya ɗaga hannun yana dubawa gaba da baya. Ya kira matarsa ta zo ta gani. Da 'yarsa ta dawo aiki ya sa ta zauna da abayarta ta kalli wasa guda cif, tana cewa mashallah, Baba, mashallah. Gidan ya canza a 'yan kwanakin nan. Ya koma aske gemunsa da kansa, ya koma tsokanar matarsa a kan gishiri, ya fara cin abinci kamar da. Na ce a raina mako ɗaya kawai, ya samu ƙarfin zuciya, sai in mayar.

Sai ya fara fashin zuwa asibiti. Yau zafin rana, gobe cunkoso. Daga baya ya daina neman dalili.

"Me zan je in yi, ya yi ta murɗe min yatsa kamar mai tatsar akuya? Ga asibitina nan, kuma shi ba a bin layi."

"Ka dai riƙa zuwa, ba a raina likita."

"Kai da bakinka ka ce hannu ya dawo. Ko kwamfuta ta fi ɗan Filifin ƙarya ne?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Iyakar gardamar da na yi ke nan, don in na matsa fiye da haka sai na faɗi abin da na taɓa. Kullum ina hawa benen da niyyar yau zan mayar, ko in gaya masa. Kullum sai in tarar an zuba shayi, ya kunna na'ura yana jirana, yana cewa yau sai ya kori mai jifan nan gida wurin uwarsa. Sai in ce gobe. Ina zaune kusa da shi ina kallon yatsan. Ya kwanta a gefen dama na sandan, ba abin da ke tilasta masa tashi. A Japan na ga manyan 'yan wasa suna ƙasƙantar da kai su ɗan taɓa ƙwallo zuwa inda babu kowa, a Venezuela na ga waɗanda ke ganin hakan abin kunya ne, gara su buga da ƙarfi a kama su. Nakan yi wa na biyun dariya. Ƙanena ba ya cikin kowannensu, ya yi ta ƙoƙarin kaiwa hagu har ranar da na cire masa dalili.

Alhazai suka watse, garin ya yi sauƙi. Shi da kansa ya kira kafilinsa ya ce ya shirya. Kafilin ya ce ya zo rumbu da safe ya ɗan zagaya da motar a harabar, don hankalin kowa ya kwanta. Ya sa farar riga mai guga, ya ce in raka shi in ga yadda ake aikin maza, ni da na ƙare rayuwata ina fassara maganar wasu.

Ya hau motar ba tare da an taimaka masa ba. Ya cire carbin da ke madubi ya ajiye a kujerar gefe. Ya tada ta, ya zagaya harabar, lafiya lau, hannu biyu a kan sitiyari. Kafilin yana tsaye kusa da ni da kofin shayi yana gyaɗa kai. Saura ya koma da baya tsakanin kwantena biyu, abin da ya yi shekaru yana yi yana hira. Hannun dama ya tafi kan giya. Daga inda nake ina hango na hagun, ya dunƙule a kan sitiyari, ya kasa buɗewa ya sake kamu. Sitiyarin ya zame. Ya taka birki, ya gyara, ya sake. A karo na biyu kan motar ya karkata wajen wasu buhuna da aka jibge, wani ɗan dako ya yi tsalle gefe. Ya taka birki da ƙarfi. Bai taɓa komai ba. Ya kashe motar, ya daɗe a zaune a ciki.

Da ya sauko kafilin ya ce, "Mashallah, kaɗan ya rage. Ka ƙara hutawa kawai."

Ƙanena ya miƙa masa makullin. "Kada ka ba ni ko na roƙe ka. Akwai mutane a hanya."

A tasi muna komawa, mun kusa gida, ya juyo wajena. Ya ce, "Amma a wasan yana aiki, Yaya."

Na ce tuƙi daban, wasa daban.

Muka koma wurin ɗan Filifin. Ya kama yatsan ya ja shi waje, yatsan ya koma da kansa. Ya dube ni ya ce ina kuka shiga duk wannan lokacin? Ya ce hannun ya sandare. Za a iya samun abin da zai riƙe kofi ya ɓalle maɓallin riga, sitiyarin babbar mota kuwa kada mu sa rai. Na tambaye shi, da bai daina zuwa ba fa, da ya ci gaba da tura yatsan kullum? Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce bai sani ba, wasu na dawowa, wasu ko sun yi komai ba sa dawowa. Na so ya ce min ɗaya daga ciki, ko wanne ne.

"Me ya ce?" in ji ƙanena.

Wannan karon na fassara masa duka, ban rage ko kalma ba, ban da tambayata da amsarta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Bai sake kunna na'urar ba. Bayan wani lokaci 'yarsa ta ce za ta ba 'ya'yan wata abokiyar aikinta, ta zauna tana goge abin da ke ciki. Na shigo na tarar da ita a falo ita kaɗai, uban yana barcin rana. Ta tsaya a kan layin nan, tana karanta shi da ɗan Turancinta na kantin magani.

"Baffa, wannan ba haka yake zuwa ba. Kai ka kashe?"

"Ni ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya yi kuka."

Ta sake duban layin. Na ce in tana ganin in gaya masa, zan gaya masa yau.

"Halas, Baffa, ya wuce. Ya yi me da shi yanzu?" Ta ci gaba da danne-dannenta ba ta dube ni ba. "Wallahi na san dalilinka. Ni ma da na iya, yimkin, wataƙila da na yi. Amma ni ban ji abin da likita ya faɗa ba. Kai ka ji."

Ta zare wayoyin ta naɗe su, ta sa komai a ledar da ya zo a ciki. Ba ta sake ɗaga maganar ba, kuma tana gaishe ni kamar da, tana kawo mini maganin hawan jini duk wata. Har yau ban gaya masa ba, ban kuma san ko ya gano da kansa ba. Wani lokaci in muna shan shayi yakan kalle ni ya daɗe, sai ya tambaye ni wani abu daban.

Kafilin ya yi masa halacci. Ya ba shi kujera a ƙofar rumbun, yana duba motocin da ke shiga da fita yana ɗaga musu shinge da hannun dama, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ba ta taɓu ba. Motar ta zama ta wanda ya riƙe ta. Ƙanena ya daina tuƙi, kuma ba zai koma ba.